Jadawalin Ɗebo Bayanai: Darasi Daga Cibiyar AGRHYMET

Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974, tana tattara alƙaluman ruwan sama daga tashoshin ƙasashen Sahel da kuma tauraron ɗan'adam. Akan kasa wata gida uku, kimanin kwana goma-goma, a haɗa na kowane kashi.

Mai gina rumbun matanin Hausa ma yana buƙatar irin wannan jadawali. Shafukan BBC Hausa da DW kullum suna samun sababbin labarai, saboda haka kowane dare ya dace a ɗebo su. Jaridar mako-mako kuwa, sau ɗaya a mako ya wadatar.

Kafin a zuba matani a rumbu, wajibi ne a daidaita rubutu: a Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Najeriya 'ya'ya, kwamfuta kuma za ta ɗauke su kalmomi biyu mabambanta. A riƙa rubuta ranar kowane ɗiba, a ci gaba daga inda aka tsaya, domin labarin da ya shiga sau biyu yakan gurɓata ƙidayar kalmomi, da duk hukuncin da aka gina a kanta.