Zuwa Kuala Lumpur da ƙananan yara

Wata mai sauraronmu daga Kano ce ta tambaya ko za ta iya kai 'ya'yanta biyu ƙanana Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya.

To Hajiya, amsar ita ce e, amma a shirya. Da farko, ban da biza, kowane yaro da ya haura shekara ɗaya yana buƙatar katin rigakafin cutar shawara, tunda daga Najeriya za ku tashi.

Zafin garin ba irin na Kano ba ne. Zafi ne mai gumi, kusan digiri 32 kullum, ga ruwan sama da yakan sauko da la'asar. Ku fita da safe, ku koma masauki da azahar yara su huta. A gindin tagwayen benayen Petronas masu hawa 88 akwai lambun KLCC, da filin wasa da tafkin yara, duk kyauta. Abincin halal ko'ina, kuma manyan kantuna suna da ɗakin sallah.

Abin da ya fi damuna sauro ne, domin mai yaɗa zazzaɓin dengi da rana yake cizo. Hajiya, don Allah kada ki fita da yaran ba ki shafa musu maganin sauro ba.