Ma'aunin Daidaiton Gaɓoɓi a Zanen Barkwanci: Nazari Daga Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ake daidaita gaɓoɓin jiki a zanen barkwanci, ta kwatanta ma'aunin da aka gada daga Turai da awon gargajiya na Hausawa. Ta nuna cewa sutura da yanayin aiki sukan ɓoye gaɓoɓin da ake awo da su, don haka wajibi ne a fara zana ƙashin jiki kafin tufafi.

1.0 Gabatarwa

Zanen barkwanci ya samu gindin zama a jaridu irin su Aminiya da littattafan yara da kafafen sada zumunta. Sai dai ƙa'idojin da ake koyar da shi da su an gina su ne bisa jikin da ake ganin gaɓoɓinsa a fili. Bahaushe kuwa yakan fito cikin babbar riga da rawani, mace cikin zani da hijabi. Idan mai zane bai lura ba, sai ya mayar da basarake wada, zanen girmamawa ya koma na muzantawa.

2.0 Kai a Matsayin Ma'auni

Masu zane suna auna jiki da tsawon kai, daga ƙoƙon kai zuwa haɓa. Vitruvius, masanin gine-gine na daular Rum, ya ce kai kashi 1 ne cikin 8 na tsawon mutum. A kan bayaninsa Leonardo da Vinci ya yi shahararren zanensa wajen shekarar 1490. Andrew Loomis na Amurka, a littafinsa na 1943, ya ba ɗan shekara ɗaya kai 4, baligi kai 7 da rabi, gwarzo kuma kai 9. A zanen barkwanci akan rage jiki zuwa kai 3 ko ma 2 domin ban dariya. Duk da haka wasu alaƙoƙi ba sa sauyawa sosai: gwiwar hannu tana daidai da ƙugu, yatsu kuma suna kaiwa tsakiyar cinya.

3.0 Awon Gargajiya

Hausawa sun daɗe suna awo da jiki. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, gaba kuwa daga yatsun hannu ɗaya zuwa na ɗayan idan an miƙe su. Vitruvius ya nuna cewa gabar mutum daidai take da tsawonsa, tsawon kuma kamu 4 ne. Ke nan kamu ɗaya ya yi kai 2. Ɗalibin da ya saba ganin ana awon ƙyalle ko igiya da hannu a kasuwar Talata Mafara ya riga ya san rabin darasin, saura a nuna masa alaƙar.

4.0 Misalai Uku

4.1 Basarake: A fadar Maradun, kamar sauran fadojin ƙasar Hausa, rawani yakan rufe ƙoƙon kai, amawali ya rufe haɓa, wato iyakokin ma'aunin biyu sun ɓace. Mai zanen da ya ƙirga rawani a matsayin kai zai ga jiki ya yi ƙanƙanta. Mafita ita ce a zana kan tsirara, a auna jiki da shi, sannan a naɗa rawanin. Babbar riga kuma daga kafaɗa take ratayuwa, don haka sai an tsayar da kafaɗu da gwiwoyi kafin a sanya ta.

4.2 Manomi: Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, tana shayar da gonakin waɗannan yankuna uku. Mai dashen shinkafa yana duƙe, ƙafafunsa cikin ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora tafin ƙafa a saman ruwan, sai ƙwauri ya gajarce. Daidai shi ne a zana ƙafar gaba ɗaya, sannan a ja layin ruwa ya ratsa ta.

4.3 Makaɗi: Bakura ce ƙasar haihuwar Musa Ɗanƙwairo, makaɗin fada mai kotso. Makaɗin da ke zaune a ƙasa, daga ƙoƙon kai zuwa mazaunai, kusan rabin tsawonsa ne, wato kai 4. Girman kotso kuma da kamun mai riƙe da shi ya kamata a kwatanta shi.

5.0 Ma'anar Zuguguta Gaɓoɓi

A zanen Turai da Japan, ƙaton kai alama ce ta ƙuruciya da ban sha'awa. A Hausa kuwa akwai girman kai da taurin kai, dogon hannu yana nufin sata, dogon baki kuma surutu ko tsegumi. Saboda haka tsawaita hannun shugaba a zane tuhuma ce, ko da mai zanen bai nufi hakan ba. Dole zugugutawa ta zama da gangan, bayan an san ma'aunin da ake saɓa wa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kamu da gaba sun dace da ma'aunin kai, kuma tsarin da ya fi inganci shi ne ƙashi, sai jiki, sai sutura. Ana ba da shawarar sassan Hausa da na zane-zane su haɗa hannu wajen samar da jagoran koyarwa cikin harshen Hausa, wanda zai tattara sunayen gaɓoɓi da salon maganar da ke rataye da kowace gaɓa.