Dogon Mutum da Kan Babur: Darasi a Kan Kare Baya, Wuya da Hannaye

Ya kai ɗan'uwa mai neman abinci a kan babur, ko saƙo kake kaiwa ko kaya kake ɗauka daga kasuwar ayaba ta PK8, wannan darasi naka ne, musamman idan Allah ya yi ka dogo. Ranar da aka ƙera babur ɗinka ba a auna jikinka ba. Kan babur, wanda makanikan Libreville ke kira gidon, an ɗora shi ne daidai da mai matsakaicin tsawo. Idan ya yi maka ƙasa, jikinka ne zai biya bambancin.

Abin da ke faruwa a jikinka

Idan kan babur ya yi ƙasa, dole ka sunkuya. Gadon bayanka ya lanƙwashe, kafaɗunka su zubo gaba, sannan ka ɗaga haɓa don ka ga hanya. Kan babban mutum yana da nauyin kimanin kilo 5, kuma a irin wannan zama naman wuya ne ke riƙe da shi wuni guda. Nauyin ƙirjinka kuma ya koma kan tafin hannu, inda jijiyoyi biyu ke wucewa zuwa yatsu. In aka danne ta tsakiya, babban yatsa da manuni da na tsakiya su riƙa mutuwa. In ta gefe ce, ƙaramin yatsa ne zai riƙa tsikari kamar ana tsira masa allura. Girgizar inji da ramukan hanyoyin cikin unguwa suna ƙara wa abin tsanani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya. Ga wanda iyalinsa a Maraɗi ko Kano ko Garwa ke jiran abin da zai aika, kwana bakwai a kwance ba ƙaramar asara ba ce.

Auna jikinka kafin ka sayi ƙarfe

Ka kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai. Ka zauna inda ka saba zama, ƙafafunka a kan matakansu. Ka miƙe bayanka, ka ɗan karkata gaba kaɗan, ka saki kafaɗu. Ka rufe ido, ka miƙa hannayenka inda suka fi jin daɗi, gwiwar hannu a ɗan tanƙware. Sai wani ya auna tazarar da ke tsakanin tafinka da mariƙin babur, sama da kuma baya. Wannan tazara ita ce gyaran da kake bukata, ba abin da mai shago ya ce ya fi kyau ba.

Idan gwiwoyinka ma sun takura, fara da sirdi: a ƙara masa soso mai tauri na santimita 2 zuwa 3. Ƙarin tsawon sirdi yana sa kan babur ya ƙara yin ƙasa, saboda haka sai bayan an gama shi za ka yi awo.

Matakai uku, daga mai sauƙi zuwa mai tsada

Na farko, juya wanda kake da shi. A sassauta notunan da ke damƙe da shi, a ɗan tura shi gaba ko baya, a sake ɗaurewa. A kuma saukar da hannun birki da na kuloci har wuyan hannunka ya miƙe sambal idan ka ɗora yatsu a kansu.

Na biyu, a saka ƙarafan ɗagawa a ƙarƙashin madamƙarsa. Masu tsawon milimita 20 zuwa 30 galibi suna shiga ba tare da an canja wayoyi ba. A yi amfani da notuna masu ƙarfi da tsawon da ya dace, ba tsofaffin da aka tsinto ba.

Na uku, sayen sabon kai mai tsawo. Kaurin kan yawancin ƙananan babura milimita 22 ne, amma akwai masu milimita 25.4 da 28.6, kuma ba sa shiga madamƙar juna. Ka duba tsawonsa, da faɗinsa, da yadda ƙarshensa ya lanƙwaso wajenka. Kada ka yarda a yi wa tsohon kai walda ko a gasa shi da wuta don a tanƙwara shi: ƙarfen yakan raunana, kuma ranar da zai karye ba ya sallama.

Tsawo yana da iyaka

Kada tafin hannunka ya kai tsawon kafaɗa, balle ya wuce ta. Hannun da ke sama yana saurin gajiya, kuma ba ya juya babur da sauri idan mota ta yanko maka. Kai mai tsawo fiye da kima yana mayar da nauyinka baya, tayar gaba ta rage kama ƙasa, musamman in ka ɗaure kaya a baya. A garin da ruwan sama ke kusan mita 3 a shekara, wannan haɗari ne na zahiri. Mai faɗi da yawa kuma zai riƙa dukan madubin motoci a cunkoson babbar hanyar da ta nufi PK12 da Ntoum.

Gwaji kafin hawa titi

Bayan kowane gyara, ka tayar da inji, ka bar shi yana aiki a hankali. Ka juya kan babur har ƙarshe dama, sannan hagu. Idan ƙarar inji ta ƙaru da kanta, wayar totur ta yi gajarta: kada ka hau sai an canja ta. Ka duba wayar kuloci, da ta birkin gaba, da wayoyin fitila da oda, kada ɗaya ta ɗame ko ta maƙale. Ka tabbata totur yana komawa da kansa in ka sake shi. Ka fara gwadawa a hanyar da ba cunkoso, bayan mako guda kuma a sake ɗaure notunan. Hular kwano dai ba ta da madadi, kowane irin kai ka saka.

Yaushe za ka je asibiti?

Gyaran babur rigakafi ne, ba magani ba. Ka riƙa sauka bayan kowace awa ka miƙe jiki, ka sassauta riƙon da kake yi wa mariƙi. Kada ka rufe bakin ciwo da ƙwayoyin kan titi irin su tiramol, waɗanda ake kira kobolo a nan Gabon: suna kawo jiri da farfaɗiya, kuma suna kama mutum ya kasa bari.

Ka ga likita idan ciwon ya wuce makonni ba sauƙi, ko yana sauka ƙafa har ƙasan gwiwa, ko mutuwar yatsu tana tashinka da dare, ko abu yana suɓucewa daga hannunka. Idan kuwa ƙafa ta yi rauni farat ɗaya, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninka ba, kada ka kwana: asibitin sojoji na PK9 da asibitin Melen suna kan hanyar nan taka. Jiki magayi ne. In ya yi magana tun da wuri, a saurare shi. Allah ya tsare hanya.