Bayan an ɗebi tsokar furostet, kada a raina zazzaɓi

Na gaji da jin maganar nan da ke yawo a majalisun dattawa, wai allurar da ake ɗibar tsokar furostet da ita ce ke watsa ciwon daji a jiki. Sam ba haka ba ne. Wanda aka gano masa daji bayan gwajin, da ciwonsa ya zo asibiti, gwajin tona shi kawai ya yi. Saboda wannan jita-jita wasu ke ƙin zuwa, sai ciwon ya kai ƙashin baya sannan a kawo su ranga-ranga.

Aikin kansa ba ya daɗewa. Akan yi allurar kashe zafi, a bi ta dubura ko ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, a tsinko 'yan sililin tsoka kamar 12 daga ƙullutun nan da ke ƙasan mafitsara. Ganin jini kaɗan a fitsari ko bayan gida na 'yan kwanaki ba abin tashin hankali ba ne. Maniyyi ma yana iya yin ja-ja har makonni. Ba ya cutar da uwargida, amma a gaya mata tun da wuri.

Abin tsoron shi ne zazzaɓi. Allurar da ta bi ta dubura tana iya kwasar ƙwayoyin cutar hanji ta kai su cikin jini. Kwana biyu da gwaji sai Alhaji ya fara makyarkyata cikin bargo, haƙora na haɗuwa, ya ce ai maleriya ce, a aiki yaro kemis. Kafin gari ya waye jininsa ya sauka, ba ya gane kowa. Don Allah, in zafin jiki ya kai 38, ko aka ji rawar sanyi, a tafi asibiti a daren, kuma tun a bakin ƙofa a faɗa cewa an yi wannan gwajin. Kada a dogara da cewa ai an sha sifro, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta. Mun mayar da shi kamar gyaɗa, kowane ciwon kai taifot ne, har ƙwayoyin cuta da yawa sun daina jin sa.

Haka in fitsari ya tsaya cak, ko jini na zuba da gudaji, a koma nan take.

Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ko asfirin ya sanar da likita kafin ranar, kada ya dakatar da kansa. A shanye maganin da aka rubuta, a yawaita shan ruwa, a haƙura da hawa babur da ɗaukar kaya masu nauyi na 'yan kwanaki.