DARASI A KAN LAFIYAR JIKI: YADDA ZA A GANE MAGANIN JABU

A nan Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da Tarauni, in yaro ya kwana da zazzaɓi, da wuya a fara da asibiti, ko da ya ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kusa da mu a titin Zariya. Abin da aka saba shi ne a aiki wansa kemis da 'yan kuɗi a hannu. Saboda haka ya kamata kowane gida ya san darasin nan.

Maganin jabu shi ne wanda kwalinsa ya faɗi abu ɗaya, cikinsa kuwa wani abu dabam. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, cikin magani goma, ɗaya jabu ne ko maras inganci.

Wani jabun guba ne sosai. A 2008 aka sayar da ruwan maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, ashe an gauraya shi da wani ruwan masana'antu mai kashe ƙoda. Yara 84 suka mutu a Nijeriya. Amma yawancin jabu ba haka ya ke kisa ba. Ku lura da wannan da kyau. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta jabu sau da yawa gari ce kawai aka dunƙule, wani lokaci kuma a sa mata farasitamol kaɗan. Yaro ya sha, jikinsa ya yi sanyi, uwa ta ce an sami sauƙi. Ƙwayoyin cutar kuwa suna nan cikin jini suna ta ƙaruwa, gama babu abin da ya taɓa su. Kafin a farga jini ya ƙare, ko yaro ya fara jijjiga. Sa'an nan sai a ce iska ce, ko sammu, har a zargi maƙwabciya a banza. Wannan zargi yakan raba zumunci, mai laifin kuwa yana can yana ƙidaya ribarsa.

To, ƙaƙa za a gane shi? Da fari a duba kwali a wurin haske. A nemi lambar NAFDAC, wato hukumar da aka kafa a 1993 domin kula da abinci da magunguna. A nemi ranar da aka yi maganin da ranar lalacewarsa, a gani ko abin da ke kan kwali ya yi daidai da na takardar da ƙwayoyin ke ciki. In rubutu ya dushe, ko an liƙa wata rana a kan ta fari, ko ƙwaya tana marmashewa a hannu, a mayar. Araha mai yawa ma abin tsoro ce.

Sai dai ina gaya muku gaskiya, ido kaɗai bai isa ba. Wanda ya iya buga kwali, buga lambar ƙarya ba za ta gagare shi ba. Domin haka ne a 2010 NAFDAC ta fito da dabarar kankarewa, wadda a ke samu musamman a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. Akwai ɗan wuri mai ruwan azurfa a jikin kwalin, kamar na katin waya. Ka kankare, ka aika lambobin da ke ƙarƙashi ta saƙon tes zuwa gajerar lambar da aka rubuta a gefe. Kyauta ne, amsa kuma ba ta daɗewa. Ka yi wannan kana tsaye a kantin, tun ba ka bar wurin ba. Kada kunya ta hana ka. Mai kemis na kirki ba zai ji haushi ba. In kuwa an riga an kankare kafin ka saya, kada ka karɓa.

Wurin saye ma babban abu ne. Shekaru da yawa daga kasuwar Sabon Gari aka yi ta sarin magani zuwa ƙasar Hausa duka, har Nijar. A watan Fabrairu na 2024 NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna fiye da dubu a can, aka umarci 'yan sari su koma sabuwar cibiya a Dangwauro, inda jami'ai za su iya binciken kaya. Ba laifi ka tambayi mai kemis na unguwarku inda ya ke saro nasa, ka kuma duba ko ya rataye takardar izininsa a bango. Masu talla a tire da cikin mota kuwa, waɗanda ke kirga ƙwayoyi tsirara cikin leda, ku rabu da su. Ko maganin na gaske ne, ranar Kano ta riga ta dafa shi.

Kada a yar da kwali sai an warke. In yaro ya shanye maganinsa na kwana 3 zazzaɓi bai sauka ba, a kai shi asibiti tare da kwalin, domin likita ya ga abin da aka ba shi. In ya ƙi nono, ko yana ta amai, ko jijjiga, kada a jira kwana ukun, a tafi nan da nan.