Darasin Kwamfuta: Wa Zai Fara a Layi?

Mu 'yan aji biyu na ƙungiyar 'yan jarida ne muka kawo darasin wannan mako. A ɗakin kwamfutarmu minti arba'in kawai ake ba kowane aji, kuma mutum huɗu ko biyar ke zama a kan kwamfuta ɗaya. Idan ta tsaya cik, darasin ranar ya tafi. Shi ya sa muka tambayi malaminmu yadda kwamfuta ke zaɓar aikin da za ta fara yi.

Misali daga unguwarmu

Da yawa daga cikinmu iyayenmu suna aiki a kamfanonin Sharaɗa, Challawa ko Bompai. Mahaifin ɗaya daga cikinmu yana aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Ya ce idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, ba duk injina ake kunnawa ba. Ana fara kunna wanda ke da fata a cikinsa, don kada ta lalace. Sauran su jira. Wannan shi ne fifiko.

Wutar lantarki ma haka ake raba ta. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar. Band A an tsara su samu aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Wuta ɗaya ce, amma rabon ba ɗaya ba ne.

Yadda abin yake a kwamfuta

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, tana da ɗakunan aiki, kuma kowane ɗaki aiki ɗaya yake yi a lokaci ɗaya. Amma ayyukan da ke jira suna da yawa: waƙa, rubutu, intanet da sauransu. A cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin su Windows da Linux, akwai sashen da ke raba layi. Yana ba kowane aiki ɗan lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, sai ya karɓe ya ba na gaba. Saboda saurin haka muke ganin kamar duk tare suke tafiya. Aikin da ke da fifiko shi ke fara shiga, ko ya samu kaso mafi tsoka.

Karantawa da sauyawa a Windows

1. A danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe.
2. A shiga Details.
3. A danna sunan aikin da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Set priority.

Matakai shida za su fito, daga sama zuwa ƙasa: Realtime, High, Above normal, Normal, Below normal, Low. Wanda ke da alama a gefensa shi ne fifikon aikin a yanzu. Yawancin ayyuka suna kan Normal. Idan aka rufe manhajar aka sake buɗe ta, za ta koma yadda take.

A Linux kuma fa?

Linus Torvalds ne ya fara Linux a 1991, kuma a kanta aka gina Android da ke cikin wayoyin gidajenmu. A nan ana amfani da lamba mai suna nice, wato kirki. Tana farawa daga -20 zuwa 19, kuma aiki yakan fara da 0. A kula sosai, don nan ne muka ruɗe: ƙaramar lamba ita ce gaba. Aikin da ke da 19 ya fi kowa kawaici, kowa ya zo sai ya matsa masa. Mai -20 kuwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Don karantawa, a rubuta top. A duba layin NI, lambar kirkin ke nan. Layin PID kuma lambar aikin ce. Don fara aiki da ƙaramin fifiko, a rubuta nice -n 10 sannan sunan aikin. Don sauya wanda ya riga ya fara, a rubuta renice -n 10 -p sannan lambarsa. Kowa yana iya ƙara wa aikinsa kawaici, amma mai kula da kwamfutar kaɗai ke iya sa lamba ƙasa da sifili.

Ga lissafin da muka yi a allo. Linux tana ba lamba 0 nauyin 1024, lamba 10 kuma nauyin 110. Jimilla 1134. Idan ayyukan biyu suna takara a ɗaki ɗaya, na farko zai samu kusan kashi 90 cikin 100 na lokaci, na biyu kusan kashi 10. Na biyun bai tsaya ba, a hankali yake tafiya.

Gargaɗi

Wani abokinmu ya sa wasa a Realtime don ya yi sauri. Linzami ya daina motsi yadda ya kamata, sai da aka kashe kwamfutar, kuma rubutun da mutum huɗu suka yi ya ɓace don ba a adana ba. Ashe garaje ba ƙarfi ba ne. Ƙara fifiko ba ya ƙara wa furosesa ƙarfi, lokacin wani aiki yake ƙwacewa. Abin da ya fi shi ne a rage fifikon aikin da zai iya jira.

Manya ma sun taɓa shiga wannan matsala. A 1997 na'urar Pathfinder da hukumar NASA ta Amurka ta aika duniyar Mars ta riƙa kashe kanta tana tashi. Dalili shi ne ƙaramin aiki ya riƙe abin da babban aiki yake buƙata, matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin ya gama. Daga nan duniya injiniyoyi suka aika gyara.

Tambayar mako

Aiki na farko yana da lamba -5, na biyu yana da 5. Wane ne zai fi samun lokaci, kuma me ya sa? A rubuta amsa da suna da aji, a saka a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Kada kowa ya sauya komai a kwamfutar makaranta sai da izinin malam.