Tambaya da Amsa: Kwamfutoci biyu a ciki ɗaya, amma ba sa jin juna

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe, fannin kwamfuta. Na sa VirtualBox a laftof ɗina, na ƙirƙiri kwamfutoci biyu a ciki: Ubuntu, wadda na ɗora shafin aikin kammala karatuna a kanta, da Kali Linux da nake koyon tsaro da ita. Dukansu suna hawa intanet lafiya lau. Abin da ya ɗaure min kai, kowacce na duba adireshinta sai in ga 10.0.2.15, kuma sam ba sa ganin juna. Abokina ya ce in mayar da su Bridged. Na yi, ya yi aiki a gida, da na je makaranta ya ƙi. Don Allah a fahimtar da ni.

Ɗalibinka, daga Zariya

AMSA

Kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace. Abin da aka tsara manhajar ta yi shi take yi.

Masu wannan fanni suna kiran laftof ɗinka mai masauki, kwamfutocin da ke cikinsa kuma baƙi. Kowace baƙuwa tana da katin sadarwa, sai dai ba na ƙarfe ba ne, manhaja ce ta ƙaga mata shi. To, wayar da ta fito daga wannan kati, ina aka jona ɗaya bakinta? Duk sunayen nan da kake gani a jerin saituna, amsoshin wannan tambaya ɗaya ne.

NAT shi ne wanda VirtualBox ke zaɓar maka tun farko. Ka ɗauka baƙuwa ce aka sauke a ɗakin can cikin gida. Ba ta fita. In tana son wani abu a kasuwa, ɗan aike ne zai fita da sunan maigida, ya karɓo ya kawo mata. Mutanen unguwa ba su ma san da zamanta ba, balle su yi sallama da ita. Ga kuma inda gizo ke saƙar: VirtualBox ba ɗan aike ɗaya take raba wa baƙi ba, kowacce da nata, da nata keɓantaccen sashe. Shi ya sa kowacce ke samun 10.0.2.15, hanyar fitarta kuma 10.0.2.2. Ɗaki mai lamba ɗaya ne a gidaje biyu daban, babu karo, babu kuma ganin juna. Adireshin da suka fara da 10, da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, tun 1996 aka tsayar da su don amfanin cikin gida. Ba sa yawo a kan intanet, don haka kowa na iya maimaita su.

Abokinka bai yi ƙarya ba. Bridged, wato gada, fasa wa baƙuwa ƙofarta ne zuwa titi. Rautar gidanku za ta ba ta adireshi kamar yadda take bai wa wayarka, ta zama 'yar unguwa sosai. Amma Wi-Fi ba a gina shi don na'ura ɗaya ta shigo da wasu a bayanta ba. Kowane kati yana da lambar shaida da ake kira MAC, kuma na'urar Wi-Fi lambar wanda ya jona da ita kaɗai take saurare. Dabara VirtualBox ke yi, ta lulluɓe saƙon baƙuwa da lambar laftof. A rautar gida dabarar kan wuce. A manyan wurare kuwa, inda ake neman suna da kalmar sirri, ake kuma hana na'urori ganin juna da gangan, sau da yawa ba ta wucewa. Ni ban ga laifin masu kula da sadarwar ba, aikinsu ke nan.

Tunda an zo kan MAC, bari in ba ka wani labari. Na taɓa shirya ɗakin horo a wata cibiya. Na gina baƙuwa ɗaya, na kwafe ta zuwa sauran kwamfutocin, duk na sa su a gada. Da ɗalibai suka kunna, sai wannan ta samu intanet ta rasa, waccan ta samu ta rasa, kamar ana wasa da makunni. Na sauya wayoyi, na kashe rauta na kunna, har la'asar ta yi. Da na jera allo biyu gefe da gefe sai na ga lambar nan mai farawa da 08:00:27 iri ɗaya ce sak har ƙarshenta. Rauta gani take duk na'ura ɗaya ce. Idan za ka kwafi baƙuwa, ka zaɓi a ba ta sabuwar lamba.

Yanzu ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka bai wa kowace baƙuwa kati biyu. Na farko ka bar shi a NAT, don sauke manhajoji. Na biyu ka sa shi a Host-only, wato tsakar gida ce da baƙi da mai masauki ke haɗuwa, ba ta da ƙofar waje. A nan laftof ɗinka yakan zama 192.168.56.1, baƙi kuma su fara daga 192.168.56.101. Kali za ta ga Ubuntu, kai ma ka buɗe burauza a laftof ka rubuta adireshin Ubuntu, shafinka ya fito. Abin da nake so da wannan tsari, bai dogara da kowa ba. Ko data ta ƙare, ko an ɗauke wuta rauta ta mutu, ranar kare aikinka shafin zai buɗe a gaban malamai. In katin na biyu bai samu adireshi a Ubuntu ba, ka ƙara shi a fayil ɗin da ke cikin /etc/netplan. Akwai kuma NAT Network, inda baƙi ke tarayya a ɗan aike ɗaya suna ganin juna. Shi ma zai biya maka rabin buƙata.

Idan malaminka yana son gani a wayarsa, ba sai ka koma gada ba. A saitin NAT akwai wurin tura ƙofa. Kowane aiki a kwamfuta yana da ƙofa mai lamba: shafi 80, SSH 22. Ka ce duk wanda ya buga ƙofa ta 8080 a laftof, a miƙa shi ƙofa ta 80 a Ubuntu. Ku jona da rauta ɗaya ko da wayar mutum ɗaya, ya rubuta adireshin laftof ɗinka da :8080 a ƙarshe. Daga wani gari kam ba zai yiwu ta wannan hanya ba, domin kamfanonin waya su ma galibi bayan nasu babban NAT suke ajiye mu.

Maganar Kali kuwa, ina roƙonka ka ɗauke ta da nauyi. Nan gaba za ka sauke irin su Metasploitable, wadda aka cika da ɓaraka da gangan don a koyi kutse a kanta. Kada ka taɓa sa ta a gada. Yin haka barin gida ne a buɗe a tsakiyar kasuwa. Wurinta Internal Network, inda baƙi kaɗai ke jin juna, ko mai masauki ba ya shiga. Haka kuma kada ka juya kayan aikin Kali kan sadarwar makaranta da sunan gwaji. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma na ga yadda son gwaji kan ja yaro mai hazaƙa zuwa abin da bai yi niyya ba.

Sunayen nan kuma kada ka haddace su kamar karatun allo, don babu wani zama da aka yi aka daidaita su. VirtualBox wani kamfanin Jamus ne mai suna innotek ya fito da ita, Sun ta saye shi a 2008, Oracle ta saye Sun a 2010. VMware, da aka kafa a 1998, tana da nata: VMnet0 gada, VMnet1 tsakar gida, VMnet8 kuma NAT. A KVM na Linux za ka tarar da virbr0 mai adireshi 192.168.122.1, shi ma NAT ne. Mai rikitarwa shi ne Hyper-V na Microsoft. Abin da ya kira Internal, mai masauki yana ciki, kusan Host-only ke nan. Wanda ya yi daidai da Internal na VirtualBox, shi Private yake ce masa. Mutum zai iya zaɓar Internal a can yana zaton ya killace baƙuwa mai cuta, alhali ya bar mata hanya zuwa laftof ɗinsa.

Idan ka gama saitin, ka gwada ping daga Kali zuwa Ubuntu tukuna. Sannan ka gwada zuwa laftof: in Ubuntu ta amsa amma laftof ya yi shiru, kuma Windows ce a kansa, katangar tsaronta ce, ta saba toshe ping. In duka sun ƙi, ka buga ip a a kowace baƙuwa, ka aiko min da abin da ya fito mu duba tare.